Inda Inna Take Yini

Tun da aka kafa dokar zafi a Gusau, duk inda ƙarfe goma ta riske ka, nan za ka yini har la'asar. Wuta kuma kowane gida da rabonsa, babu ƙari.

Da na dawo daga karatu a Turai, na gina gida irin na Turawa, bututun sanyi a cikin silin har ɗakuna bakwai. Rabona na wuta ba ya iya sanyaya su, iska mai ɗumi kawai ke fitowa. Ƙanena Tanimu, tela, huda bango ya yi, ya rataya 'yar na'urar sanyi ɗaya a ɗaki ɗaya.

Yau ma tara da rabi na tarar da Inna ta ƙulle goronta, ta sa takalmi.

"Inna, ga ɗakinki, ga sabon gado."

"Allah ya yi albarka. Ai gado ba ya fifita."

Na kai ta gidan Tanimu a mota. Tanimu ya naɗe hannu da tsumma kafin ya taɓa ƙofar ƙarfen. Sanyi ya daki fuskata. Iyalinsa duk suna kan tabarma, har da matata, ta riga mu zuwa.

"Shigo mana, Yaya injiniya! Mu da ba mu yi boko ba, ɗaki ɗaya muka iya."

Inna ta kishingiɗa ta ce, "Tanimu, miƙo bargo, sanyin naka ya yi yawa."

Shekara biyu tana gidana, ba ta taɓa neman bargo ba. Na karɓe shi daga hannunsa na lulluɓa mata da kaina, sannan na koma gida.