Likkafar Kaka

Ƙyallin likkafar tagulla na fara hangowa a ƙofar gidanmu na Birnin Kudu, ranar la'asar ta mayar da ita kamar zinariya. Kakana ne, wanda ya jagoranci dawakin yaƙi tun kafin zuwan Turawa, tsaye gefen baƙin dokinsa. A ranar ne mahaifina ya ce in tsohon ya kasa hawa, za a kai dokin Gwaram wurin dangi, gudun faɗuwa.

"Baba, bari a kawo turmi ka taka," in ji mahaifina.

"Turmi na masu daka ne," Kaka ya ce. Sai ya dube ni. "Amaryata, zagaya ki riƙe ɗaya likkafar, kada sirdi ya juya. In kika yi sanyi, na fasa auren."

Na rataya a jikinta da duk nauyina. Sau biyu ƙafarsa tana zamewa. A na uku ya yi bisimilla ya yunƙura, sai ga shi bisa sirdi, gemunsa na rawa.

Doki bai je Gwaram ba. Har yau tafin hannuna yana tuna zafin tagullar nan. Kaka ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma bai taɓa taka turmi ba.