Turken da Mai Lambu Ya Tumɓuke

Kai da kake ganin sai da igiya ake riƙe abu, ga misali.

An yi wani tsoho mai lambun albasa a bakin fadama. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, shi kaɗai yake wuni tsakanin rijiya da shuka. Tuwon da maƙwabta ke aiko masa ba ya cinyewa, don abinci ba ya wucewa in babu abokin ci. Wata rana ya kai akuyarsa wajen likitan dabbobi, sai ya tarar da wani kare a killace bayan ɗakin magani, cikin waɗanda ake tsintowa a titi ana nema musu gida. An kwashe masu kyan gani, saura shi kaɗai, ja ne mai ɗingishi, wuyansa ba gashi. Likitan ya ce gida biyu sun ɗauke shi sun dawo da shi. Ya ce kuma an yi masa canjin wurin aiki, ƙarshen wata zai tashi, karen da bai samu gida ba kuwa sai allurar da ba a farkawa. Tsoho ya tuna awakin mutane da ke masa ɓarna a lambu, ko dai haka ya gaya wa kansa, ya ja karen suka tafi.

Ya yi masa abin da ake yi wa sabuwar akuya: ya kafa turke a gindin mangwaro ya ɗaure shi, wai ya kwana bakwai ya saba da wuri. Kafin la'asar kare ya tauna igiyar ya koma wajen likita. Tsoho ya je ya dawo da shi, ya sa masa sarƙa. Kare ya ƙi ci, ya ƙi sha, ya yi ta fizga har tsohon tabon wuyansa ya fashe. Da tsoho ya koma neman maganin ciwon, likitan ya ce masa, "Baba, a tasha aka tsince shi ɗaure a jikin ƙarfe, kwana huɗu. Mai shi ya ɗaure shi ya hau mota. A wurinsa duk wanda ya ɗaure shi tafiya zai yi." A lokacin saura kwana shida wata ya ƙare.

Tsoho ya dawo lambu ya daɗe a tsaye. In ya kwance shi ya gudu can, allura ce. In ya bar shi a sarƙa, yunwa ce. Ya kwance sarƙar, ya tumɓuke turken ya jefa a murhu. Kare ya shige ciyawa bai waiwayo ba. Washegari tsoho ya zuba ragowar tuwo a wani fasasshen kasko, ya ajiye inda turken yake a da, ya koma gefe ya ci nasa yana kallon rijiya. Tsuntsaye suka cinye na kaskon. Rana ta biyu ma haka. Ta uku ya hango kunnuwa biyu a cikin ciyawa. Bai kira ba, bai ko juya kai ba. Kullum da hantsi, wuri ɗaya, kasko ɗaya. Wata ya ƙare, likita ya tashi, kare kuwa ya matso daga ciyawa zuwa bakin shinge, daga shinge zuwa inuwar mangwaro. Tsoho bai taɓa shafa shi ba, ko suna bai sa masa ba. Abin da ya lura kawai shi ne, yanzu yakan ga ƙarshen kwanonsa.

Bayan shekara babban ɗansa ya zo da mota zai tafi da shi birni, ya ce an gyara masa ɗaki. Tsoho ya dubi karen kwance a gindin mangwaro, ba komai a wuyansa, shi karen ya kafa wa motar ido. Tsoho ya ce, "Gobe da hantsi wa zai zuba masa?" Ɗan ya yi ta lallashi har azahar, ya koma shi kaɗai.

Suna nan har yau, babu wanda ya ɗaure wani, babu wanda ya tafi. Ka ce wautar tsufa ce, ka ce ta kare ce, duk ɗaya. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sabo turken wawa.