Maɓallin Tarin Desmond

Saura minti biyar a shiga iska a gidan rediyo, Bronwen mai kula da na'urori ta gama sauya wayoyin da ke ƙarƙashin tebur. Ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta rubuta 'yar takarda ta ajiye a gaban kujerar Desmond, mai gabatar da shirin, sannan ta koma kejinta na bayan gilashi, inda ko miƙa ba ta iya yi sai gwiwar hannu ta bugi bango.

Baƙon yau Callum Pryce ne, mai raba wasiƙu a unguwar bakin tashar jiragen ruwa. Yana da lalurar Tourette, wadda kan sa baki ya harbo kalmar da zuciya ba ta aiko ba, wani lokaci zagi mai muni. Wata biyu Bronwen tana lallashinsa ya zo ya yi wa gari bayani. Sai da ta yi masa alkawari ɗaya ya yarda: ba kalmar da za ta fita ba da sonsa ba.

Ta roƙi manaja, Madam Ogden, a naɗi hirar tukuna a tace.

"Shirin safe ne, yarinya, ba wa'azin Lahadi ba," in ji Madam. "Kai tsaye muke yi tun ba a haife ki ba. Na'urar jinkirta murya kuwa, in kin ga kuɗinta a titi ki tsinto mana."

Dabara ta rage ga mai shiga rijiya. A gefen hannun Desmond Ackroyd akwai maɓallin tari, wanda mai gabatarwa kan danna ya kashe makirufonsa na ɗan lokaci. Shekara ashirin da shida Desmond yana shirin nan, har fentin maɓallin ya goge saboda danni. Wannan maɓallin Bronwen ta mayar kan makirufon baƙo. Callum ya ce kafaɗarsa kan yi tsalle kafin kalma ta fito. Desmond na ganin haka sai ya danna, shi ke nan. Duk ta rubuta a takardar.

Desmond ya shigo a makare da kofin shayinsa, ya dire shi a tebur, ya ja hankici daga aljihu.

"Yaya dai, 'yata? Kin yi zuru-zuru kamar mai jiran likitan haƙori."

Ya miƙa wa Callum hannu. Callum ya riƙe hannun ya ɗan daɗe yana kallonsa. Jar fitilar shiga iska ta kama, ƙofa ta rufu.

Minti goma sha biyu komai lafiya. Callum ya ba da labarin ranar da ya zagi limamin coci a tsakiyar jana'iza, da yadda karnukan unguwa suka fi masu su fahimtarsa. Desmond na dariya, yana murza hankici. Bronwen ba ta ɗauke ido daga kafaɗar Callum ba.

Aka buɗe layin waya. Wata dattijuwa, Madam Rahman, ta kira ta ce Callum ne ke kawo mata wasiƙa shekara tara, kuma yaron kirki ne. Tana cikin magana Bronwen ta hango ta wutsiyar ido Desmond ya danna maɓalli ya sunkuya. Sai kalmar ta fito, a shaƙe, kamar haushin kare. Kalmar da ake jifan irin su Madam Rahman, masu asali da wata ƙasa, da ita a kan titi.

Layin wayar ya mutu.

Callum ya dubi Desmond, ya dubi jar fitilar, ya matso bakin makirufo.

"Ku yi haƙuri, jama'a. Kun dai ji da kunnenku. Haka abin yake."

Wayoyin tarhon gidan rediyon suka ɗau ruri gaba ɗaya. Bronwen na zaune a kejinta, ba dama ta tashi sai an kai ƙarshen shiri, tana sa waƙa. An danna maɓalli, ta gani da idonta. Ke nan ita ta haɗa waya ba daidai ba.

Ana fita Madam Ogden ta tare ta a lungu.

"Sanarwar ban haƙuri nake so kafin labaran sha biyu. Ki sa sunansa, ki ce baƙo ne, ba ma'aikacinmu ba."

"Madam, gobe zai koma ƙofar matar nan da jakar wasiƙu. Ni na yi masa alkawari."

"To ki sa naki sunan. Zaɓi ɗaya."

A bakin ƙofa Callum na saka rigar ruwansa. Bronwen ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi, 'yar'uwa. Ni gari ya riga ya san ni." Ya dafa kafaɗar Desmond a hankali. "Baba Des, a riƙa hutawa. Riƙo na da gajiya."

Ta koma ɗakin shirin don ta ga inda ta yi kuskure. Wayoyin na daidai. Takardarta na nan a ninke yadda ta bar ta, da zagayen gindin kofi a kanta; Desmond bai ko buɗe ta ba. Ta buɗe abin da aka naɗa, inda kowane makirufo ke da layinsa daban, ta je minti na goma sha uku.

Layin Callum shiru ne, maɓallin ya yi aikinsa. Kalmar na kan layin Desmond, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana danna maɓallin tari, alhali ba wanda ya taɓa jin ya yi tari. Ba tari yake ɓoyewa ba, irin lalurar Callum ce.