Fiton Aƙilu

Karyar Aƙilu mafarauci ba ta cin abincin kowa. Ko tsokar nama ka jefa mata, kallon banza za ta yi maka, sai ta ji fiton maigidanta mai lanƙwasa a ƙarshe. Haka ya hore ta tun tana kwikwiya, don a ƙauyukan Malumfashi mai kare nagari ba ya rasa mai son zuba masa guba. Ƙyale ake ce mata.

Ranar wata kasuwa ta ɓace. Aƙilu ya bi gonakin auduga, ya leƙa tsofaffin rijiyoyi, ya yi fito har leɓensa ya tsage. Abu ɗaya ke cin ransa: duk inda take, ko an cika mata kasko, yunwa ce za ta kashe ta.

Ana haka sai ga Mudi, amininsa tun na yarinta, daga Funtua, inda yake dafa abinci a wajen wasu Turawa da suka zo bayan mulkin kai. In ka cire Aƙilu, shi kaɗai Ƙyale ke bi. Ya yi jaje, duk ya rame kamar shi aka yi wa rashin.

"Koya mini fiton nan, abokina," in ji Mudi. "Funtua matattara ce. In tana can, za ta amsa."

Ko ɗansa Aƙilu bai taɓa koya wa ba. Amma ya zauna ya koya wa Mudi, yana ta sa masa albarka.

Damina ta wuce shiru. Bayan girbi Aƙilu ya tafi cin rani Funtua. Ya nemi Mudi bai gan shi ba, sai ya samu aikin haƙa rami a bayan wani gidan Turawa mai shingen waya. Akawun wurin, Marcellinus, bakinsa ba ya hutawa. Ya ce wani sabon garin zaƙi da ya fi sukari ake zuba wa karnuka a abinci, a ga ko yana da illa kafin a sayar wa mutane. An gama gwaji, an kashe su an duba hantarsu. Ramin na binne su ne.

Da aka turo amalanken gawarwakin, Ƙyale ce a sama. Ya gane ta da tsagar kunnen da ya yi mata da hannunsa. Sai kuma abin ya ɗaure masa kai: ta yi ƙibar da ba ta taɓa yi a gidansa ba.

"Wannan ta ci abinci?" ya tambaya da ƙyar.

"Kai, Malam, ta wahalar da mu!" in ji Marcellinus. "Ta ƙi ci har likitan da ke gwajin ya ce a sake ta ta koma gida. Sai kukunmu, wanda ya kawo ta, ya je ƙauye ya samo dabara."

Marcellinus ya tsuke baki ya yi fiton Aƙilu, har da lanƙwasar ƙarshen.