Mistek a Gonar Wake

Tunda ka ce mini mistek ne, zauna ka ji inda na fara tsanar kalmar nan. Wani manomi ne, dattijo, wakensa ya yi fure har ƙudan zuma sun tare a gonar, sai tsutsa ta faɗa masa. Ya hau keke ya je shagon maganin feshi a bakin kasuwa, ya ce a ba shi na ƙwari. Mai shagon yana waya, yana dariya, ya miƙa hannu baya ko waiwaye bai yi ba, ya ɗauko kwalba ya ba shi. Dattijon ba ya karatun boko, hoton ganye kawai ya gani a jikin kwalbar. Ashe maganin kashe ciyawa ne. Da hannunsa ya dama, ya goya tanki, ya bi kunya-kunya yana feshi yana bisimilla. Kafin Juma'a ta zagayo gonar ta koma kamar an bi ta da wuta, furen ya zube, ganyen yana marmashewa a tafin hannu.

Ya koma shagon da kwalbar da damin busasshen wake, ya ajiye a kan tebur. Mai shagon ya juya kwalbar ya ce, "Kai! Wallahi mistek ne, Baba." Ya ɗauko na ƙwarin ya ce ya ba shi kyauta, ya juya ga mai saye na gaba. Dattijon bai san kalmar ba, har ya zaci sunan wata cutar wake ce. Wani malamin makaranta da ke wurin ya gaya masa Turanci ne, asalinta kalmomi biyu aka haɗa, ma'anarsu ɗaukar abin da ba shi ba, daga baya ta zama sunan kowane irin kuskure. Sai dattijon ya ce, "To, ta ba da labarin hannunsa. Ina wadda za ta ba da labarin gonata?" Ya fita da sabuwar kwalbar, babu sauran abin da zai fesa wa. Ruwa ya riga ya ɗauke, balle ya sake shuka. A shekarar akuyoyin matarsa aka sayar aka ci tuwo, shagon kuwa ko yini ɗaya bai rufe ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a ɓari a kwashe duka.