Maginiyar Tukwane da Hoton Gwiwa

Akwai wata maginiyar tukwane da ba ta iya zama ba. Tun asuba tana ramin yumɓu, hantsi tana tattaka shi da ƙafa, azahar tana zagaya randa a sunkuye tana ɗora mata baki. Ko cin tuwo a tsaitsaye take yi. Kuma ba ta taɓa sakin tukunya ba sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne, don ta san mai lafiya ƙara take yi tangaran, mai tsaga kuwa muryarta a dishe take. Da girma ya zo, gwiwarta ta dama ta fara ciwo, ta kumbura, tana ƙas-ƙas in ta miƙe. Aka yi ƙaho, aka shafa man shanu, shiru. Sai ta yi dabarar da take ganin wayo ce, ta mayar da tattakar yumɓu da duk nauyinta kan ta hagu. Da ƙyar 'yarta ta ja ta asibiti, inda likita ya ce amosanin gaɓa ne, za a yi mata hoton ƙashi. Aka yi mata allura a jijiya, aka ce ta sha ruwa ta jira awa uku maganin ya zagaya. Awa uku! Ta zauna, ta tashi, ta leƙa waje tana duban sama, ga hadari ya fara haɗuwa gabas, ga randuna goma sha biyu a gida ko gashi ba a yi musu ba.

Da hoton ya fito, likita ya nuna mata cewa inda ƙashi ke shan wahala nan maganin ke taruwa ya yi duhu. Gwiwar dama ta yi baƙi kamar gindin tukunya, wannan ba labari ba ne. Amma a ta hagu ma akwai ɗan ɗigo, bai fi ƙwayar wake ba. Ya ce, "Iya, wannan ma ta fara gajiya. Ki riƙe sanda, ki bar wa wani tattakar yumɓu, ki sassauta mata." Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa ƙoƙon gwiwar, yadda ta saba yi wa tukwanenta, ta kasa kunne. Ta ce, "Ɗan nan, shekara arba'in ina sauraron tsaga. Wannan garau take." Ta naɗe hoton ta cusa a ƙarƙashin katifa, ta koma ramin yumɓu da ƙafa ɗaya tana tsere da damina.

Randunan sun gasu, ba wadda ta fashe. Amma kafin a yi girbi gwiwar hagu ta kumbura ta fi 'yar'uwarta, har sujada ta gagara. Abin tausayi, yanzu tana zaune bisa turmi a kife, ƙafafu a miƙe, tana kallon matan unguwa suna tattaka mata yumɓu ba yadda take so ba. Takan yunƙura za ta tashi ta nuna musu, sai ta koma ta zauna. Wani lokaci takan sa a ɗauko mata hoton, ta ɗaga shi a rana, ta daɗe tana kallon ɗigon nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.