Yumɓu a Bakin Kwikwiyo

Yaya Sallau, kwikwiyon da ka bari ya fara jin sunansa. Ɗazu da hantsi ya shiga ƙarƙashin rumfa ya ɗauko takalminka na roba, ya ajiye a gabana yana kaɗa wutsiya, ko tabon haƙori babu a jiki. Na yi dariya, Yaya, dariyar farko tun ranar da muka dawo daga maƙabarta. Sai misalin nan da kake ba ni ya faɗo mini a rai, wanda kake yi duk lokacin da na ce a bar shi ya girma tukuna. Ga shi na rubuta da ɗan karatun nan nawa. Ban gaya wa kowa ba tukuna, ko Inna.

Wani maginin tukwane ne, ɗan'uwansa mai aikin gadi a birni ya kawo masa ɗan kwikwiyo, irin karnukan nan na Turawa masu gashi ruwan zuma da kunnuwa a zube, waɗanda ba su da buri a duniya sai su ɗauko abu su kawo maka. Magini ya ji ya shiga ransa tun kallon farko. Matarsa kuwa mai kiwon kaji ce. Ta dubi kwikwiyo, ta dubi 'yan tsakinta, ta ce, "Malam, ni ban hana ka ba. Amma ranar da haƙorinsa ya taɓa mini ɗan tsako, ranar zai bar gidan nan." Mafarautan unguwa suka ce ya bar shi ya yi ƙwari, sannan ya koya masa hankali da sanda, ai haka ake yi wa kare. Magini ya yi musu godiya, ya koma gindin aikinsa.

Washegari ya cura ɗanyen yumɓu kamar ƙwan kaza, ya gangara shi a tsakar gida. Kwikwiyo ya bi da gudu, ƙafafu na harɗewa, ya cafko ya kawo. Magini ya juya curin a tafinsa, ga ramukan haƙori rututu. Bai daka masa tsawa ba, bai ɗaga hannu ba. Juya masa baya kawai ya yi, ya ci gaba da shafa wuyan tulu. A wurin irin wannan kare kuwa, bayan maigida ya fi bulala zafi. Sai kwikwiyo ya zauna yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa, har aka sake cura wani. Haka suka riƙa yi kullum, kaɗan-kaɗan, a tashi tun wasan bai gundure shi ba. Yumɓu ba ya ƙarya: yadda aka matsa shi, haka yake nunawa. Curin da bakin kare ya taɓa, gefe magini yake jefa shi, ba ya komawa cikin na tukwanen mutane. Ramukan suka riƙa raguwa, suka zama ɗan zane, zanen ma ya ɓace. Ranar da curi ya dawo sumul, sai sheƙin yawu, magini ya ɓallo masa ƙuli-ƙuli, ya sosa masa bayan kunne, kwikwiyo ya yi ta zagaya kansa kamar an yi masa kiɗa.

Damina ta sauka, kare ya tasa, kaza ta sake ƙyanƙyasa. Ramin da magini yake jiƙa yumɓu ya cika fal da ruwa. Wata rana shirwa ta kawo sura, 'yan tsaki suka watse, ɗaya ya faɗa cikin ramin. Kafin magini ya miƙe, kare ya yi tsalle, tsundum! Matar ta fito daga madafi da muciya a hannu, abin da ta gani ke nan: kare yana fitowa jagab, ƙafafun ɗan tsako biyu na lilo a gefen bakinsa. Ta ƙwala ihu, "Wayyo, ya cinye! Ba na faɗa ba?" Magini ya nufo su da sauri, don ya san ba a taɓa gwada bakin nan da abu mai rai ba. Kare ya tako har gabanta, ya zauna, ya sunkuyar da kai, ya buɗe baki a hankali. Ɗan tsako ya faɗo, ya yi tangaɗi, ya girgije, ya yi tsuwa, ya sheƙa wurin uwarsa. Ta bi shi ta kamo, ta ɗaga fiffike, ta duba wuya, ko gashi ɗaya bai tsinke ba. Ana cikin haka kare ya girgiza jikinsa, ya watsa mata ruwan taɓo a zani. Ta ce, "Kai, ɗan banza!" amma dariya ta riga ta ƙwace mata. Da muciyar nan da ta yi niyyar dukansa da ita ta koma ta kankaro masa ƙanzo.

Da labari ya kai wa mafarauta, ɗayansu ya jawo ƙaton karensa mai cizo a sarƙa, wai a ba shi curin yumɓu shi ma. Magini ya cura ya gangara. Karen ya tauna shi ya tofar gutsi-gutsi. Gaskiyar Hausawa da suka ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.